Shin Ko Kun San? Ƙanƙara, Hasashe da Tafiyar Kirsimeti

Shin ko kun san a Amurka ana soke tashin jirgi tun ƙanƙara ba ta sauko ba? Ƙwarai kuwa! Sama garau, fasinja ya ɗaure kayansa, sai ga saƙo a waya: gobe babu tafiya. Masu hasashen yanayi sun hango guguwa, kamfani kuwa gara jirginsa ya kwana a gida da ya maƙale a wani gari.

Ga kuma tsoron tara. Dokar da ta fara aiki a 2010 ta ce kamfanin da ya bar fasinjoji zaune cikin jirgi a ƙasa sama da awa 3, a tafiyar cikin gida, ana iya cin sa tara, wadda a wancan lokacin ta kai har dala 27,500. A kan kowane mutum ɗaya fa! Jirgi mai mutum 150, kun ga an haura dala miliyan 4.

Yaya ƙarfin hasashen yake? Na kwana 5 yakan faɗa daidai kusan sau 9 cikin 10. Na kwana 7, wajen sau 8. Na kwana 10 kuwa rabi da rabi ne, kamar canki-canka. Shi kuma matafiyi tun watanni ya sayi tikitinsa.

To, ku ji wannan. Ran 21 ga Disamba 2022, a garin Cheyenne na jihar Wyoming, ma'aunin zafi ya faɗo daga kusan digiri 6 zuwa 16 ƙasa da sifili. Cikin minti 30! Ko shayin safe ba a gama haɗawa ba.

Guguwar da ta kawo wannan sanyi ce ta binne birnin Buffalo da dusar ƙanƙara fiye da mita ɗaya, aka hana tuƙi kwana da kwanaki, mutum sama da 40 suka rasu a yankin. Kamfanin Southwest ya soke tashin jirage sama da 16,000 cikin kwana goma, matafiya kimanin miliyan 2 suka rasa tudun dafawa. Bayan shekara guda gwamnati ta ɗora masa tarar dala miliyan 140.

Jirgin ƙasa ma bai tsira ba. A Disamba 2009, jiragen Eurostar 5 suka mutu cikin ramin da ya bi ƙarƙashin teku tsakanin Faransa da Ingila, ɗauke da mutum sama da 2,000. Me ya kashe su? Ɗumi! Sun kwaso ƙanƙara daga Faransa, suna shiga ramin ta narke, ruwan ya jiƙa kayan lantarki. Abin dariya, in dai ba kai ne a ciki ba.

Kun san ana yi wa jirgin sama wanka kafin ya tashi cikin sanyi? Ruwa mai zafi, mai launin ruwan lemo, shi ke narkar da ƙanƙarar fukafukai. Sai a bi da wani kore mai kauri, ya hana sabuwa kamawa.

Kada ku ce mu nan mun huta. A watan Disamba dai hazon hunturu ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ya rufe Kano da Maiduguri, hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta yi gargaɗi, matuƙi ya kasa ganin titin sauka. Su fari, mu ja, amma zaman jiran a filin jirgi ɗaya ne.