Asalin Kalmar “Boko” da Ma'anoninta a Hausa

Kalmar “boko” tana cikin kalmomin Hausa da aka fi ambata a duniya tun daga shekarar 2009, amma ba kasafai ake fayyace asalinta daidai ba. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne an aro ta daga kalmar Ingilishi ta “book”. Wannan muƙala tana nuni da cewa hujjojin harshe ba su goyi bayan hakan ba.

Hujja ta farko ta shafi tsarin sauti. Idan Hausa ta ari kalmar Ingilishi mai irin wannan wasali, takan mayar da shi /u/, kamar yadda “cook” ta koma “kuku”. Da a ce daga “book” kalmar ta fito, “buku” ya kamata a samu.

Hujja ta biyu ta shafi ma'ana. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo “boko” da ma'anar yaudara da algus. Haka take a “biri-boko”, da kuma “amaryar boko”, wato wadda akan saka a madadin amaryar gaskiya don a ruɗi 'yan biki. Liman Muhammad ya yi wannan tsokaci a 1968, sannan Paul Newman ya ƙarfafa shi a 2013.

Abin da ya faru shi ne faɗaɗar ma'ana. Sa'ad da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, al'ummar da ta daɗe da makarantun allo da rubutun ajami ta ɗauki sabon karatun a matsayin na bogi. Daga nan aka samu “karatun boko”, “rubutun boko” da “ɗan boko”. Da tafiya ta yi tafiya, zargin ya dusashe, sunan ya zauna.

Batun ya wuce muhawarar manazarta. A watan Disamba na 2020 an sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ƙaramar hukumar da gundumar Ketare take ciki. A yankin da iyaye suke auna ko su tura 'ya'yansu makaranta, fassara “boko” da “littafi” tana ɓoye tsohon shakkun da kalmar ke ɗauke da shi. Don haka ya dace masu tsara ƙamus da littattafan koyarwa su jera ma'anoninta bisa tarihi, su fara da ta yaudara.