Cutar MS: Idan Garkuwar Jiki Ta Far wa Jijiyoyi

A Gwarzo ko Kabo, idan matashiya ta wayi gari ido ɗaya ya dushe, ƙafa ta yi mata nauyi, bayan 'yan makonni kuma ta warware, sai a ce iska ce ko sammu. Wani lokaci cutar da likitoci ke kira MS ce.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da rufi kamar robar wayar lantarki. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke cinye rufin, sai saƙo ya riƙa tsinkewa. Gado, shan taba, ƙarancin bitamin D da ƙwayar cutar Epstein-Barr na ƙara haɗarinta. Ta fi kama 'yan shekara 20 zuwa 40, musamman mata, kuma ta fi yawa a Turai.

Alamominta sun haɗa da dishi-dishin gani, dindiris a hannu ko ƙafa, jiri, kasala da matsalar fitsari. Sukan tashi su lafa, zafi kuma kan tsananta su.

Gwajin jini kaɗai ba ya gano ta. Wanda ya ga waɗannan alamomi ya fara da babban asibitin Gwarzo, ya nemi a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano don ganin likitan jijiyoyi. Hoton MRI da awon ruwan laka ne ke tabbatar da ita. Ba ta warkewa, amma magani na rage tashinta.