Ma'ajin Sarkin Jamus Wanda Bashi Ya Cinye Gidansa

Hausawa kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tarihin wani basarake na ƙasar Jamus mai suna Konrad na Weinsberg ya nuna cewa ko mai riƙe da mabuɗin baitulmali bai kuɓuta ba.

An haifi Konrad wajen shekarar 1370. Ya yi tashe a zamanin da Dauda yake sarautar Kano, watau daga 1421 zuwa 1438 bisa lissafin Tarihin Kano. Shi ne Ma'ajin Sarki Sigismund, kuma shi ke tattara masa haraji, har da wanda aka ɗora wa Yahudawan ƙasar.

To, Sigismund sarki ne wanda kullum hannunsa a bushe yake. Saboda haka Ma'aji ne ke cin bashi da sunansa, ya biya wa Sarki bukata, sa'an nan ya zauna jiran biya. Maimakon tsabar kuɗi, sai Sarki ya riƙa ba shi jingina. A cikin 1431 ya jinginar masa da gidajen buga kuɗin zinariya na Frankfurt da Nördlingen da Basel.

Har ila yau Konrad ya so ya mallaki garin Weinsberg da ke gindin ganuwar gidansu, amma mutanen garin suka ƙi. A cikin 1420 birane 33 suka haɗa kai don su tsaya wa garin. Da abin ya ishe shi, sai a cikin 1428 ya tare fatake sama da ɗari a Sinsheim, suna kan hanyarsu ta zuwa babbar kasuwar Frankfurt, ya tsare su da kayansu. Aka yi sulhu a kan biranen za su biya shi gulden 30,000, watau kuɗin zinariya na lokacin, shi kuwa ya cire hannunsa daga garin. Wannan aika-aika ta ɓata tsakaninsa da Sarkin da ya yi wa wahala.

Sigismund ya mutu a 1437. Konrad ya ci gaba da yi wa magajinsa Albrecht hidima, amma bashi bai sake shi ba har ya mutu ran 18 ga Janairu, 1448. Bayan shekara biyu aka sayar da gidan kakanninsa ga mai mulkin lardin Pfalz.

Wannan labari abin lura ne ga 'yan kasuwarmu, tun daga Kano har Kuchigoro da ke hanyar filin jirgin saman Abuja. Duk wanda ya ci bashi da sunansa domin ya yi wa mai mulki aiki, ya sani cewa ranar biya shi kaɗai za a kama, kuma abin da bai biya ba magadansa ne za su biya. Allah Ya kiyashe mu.