Kanan-Bakashe: Idan kyanwar da ke gadin rumbu ta kasa mayar da farcenta

A Kanan-Bakashe, ƙaramar hukumar da ke gundumar Mayahi a jihar Maradi, ba don ado ake ajiye kyanwa ba. Da zarar an gama girbi a watan Oktoba, an ɗaure damman gero an zuba a rumbu, sai ɓeraye su fara nasu girbin, kuma kyanwa ce mai gadin da ba ta karɓar albashi. Gidan da ke da mage mai farauta ba ya yawan sayen maganin ɓera a kasuwa, maganin da kan kashe kaji, wani lokaci ma ya kai ga hannun yara.

Sai dai mai gadin na tsufa. Alamar farko da masu gida kan lura da ita ita ce ƙara. Kyanwar da a da ba a jin takunta sai a fara jin ƙwas-ƙwas idan ta bi ta daɓen siminti. Daga nan sai ta riƙa maƙalewa a tabarma. A yankin Gulbin Kaba, inda goriba ta wadata kuma saƙar kaba sana'a ce, tabarma ba ta ƙaranci a tsakar gida, don haka ana iya ganin tsohuwar kyanwa tana fizgar ƙafa tana kuka, farcenta ya shige cikin saƙa ya ƙi fita.

Abin da ya fi tabarma zafi shi ne gidan sauro. Kyanwar da ke kwana a ɗaki, idan farcenta a waje yake, tsalle ɗaya kan gado ya isa ta yaga shi. Ƙofa kamar girman yatsa biyu ta ishi sauro shiga, a lokacin damina da bayanta, sa'adda zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitocin jihar da yara.

Yadda farcen ke aiki

Mutane da yawa na zaton kyanwa ƙoƙari take yi ta ɓoye farcenta. A gaskiya ɓoyewar ce hutunta. Kyanwa na da farata 18, biyar-biyar a ƙafafun gaba, huɗu-huɗu a na baya, kuma kowanne a jikin ƙashin ƙarshe na yatsa yake tsirowa. Akwai wasu jijiyoyi masu talewa kamar roba da ke janye wannan ƙashi sama, su ajiye farcen cikin fata ba tare da ta yi wani aiki ba. Sai lokacin da za ta cafki ɓera ko ta hau bishiya ne take matse tsoka, farcen ya fito. Shi ya sa yake zama da kaifi, domin ba ya gugar ƙasa. Ana mata kirari da "mage mai kwanciyar ɗaukar rai".

Ba kowane farce da aka gani a waje ne ciwo ba. 'Ya'yan kyanwa ba sa iya mayar da nasu sai sun kai kimanin mako huɗu da haihuwa. Faratan ƙafafun baya kuma dama ba sa shigewa sosai kamar na gaba. A cikin dangin kyanwa na daji ma akwai wadda Allah ya halitta haka: dabbar nan mai tsananin gudu da Turawa ke kira cita, wadda akwai ragowarta a gandun Tarmit da Tin Tumma da Nijar ta keɓe a 2012. Nata faratan ba sa shigewa duka, su ne ke riƙe mata ƙasa idan ta zura da gudu.

Matsalar kyanwar gida daban ce. Farcenta yana girma ne ɓawo kan ɓawo, kamar albasa. Idan ta kankari itace, tsohon ɓawon sai ya sulluɓe, sabo mai kaifi ya bayyana. To, kyanwar da ta haura shekara 10, wadda ciwon gaɓoɓi ya fara kamawa, ba ta son miƙewa ta kankari komai. Ɓawo sai ya taru, farce ya yi kauri ya yi tsawo har ya fi ƙarfin ma'ajinsa. Rauni ma na jawo hakan: faɗowa daga katanga, cizon kare, tarko, ko ƙofar da ta datse yatsa ta lalata jijiyar. Idan yatsa ɗaya ne kawai ya ƙi shiga, kuma wurin ya kumbura, galibi rauni ne ko ƙwayar cuta. Idan duk ƙafafun ne, a duba shekaru.

Mafi haɗari shi ne ƙaramin farcen nan da ke gefen ƙafar gaba, daidai inda babban yatsa yake a hannun mutum. Ba ya taɓa ƙasa, don haka babu abin da ke rage shi. Yakan lanƙwashe ya zagayo ya huda naman dagin, wurin ya yi ruwa ya yi ɗoyi. Kyanwa kuwa gwana ce wajen ɓoye ciwo. Sai dai a ga ta daina farauta, tana ɗingishi, tana yawan lasar ƙafa ɗaya.

Abin da masu gida ke iya yi

Mafi sauƙin magani a ƙauye a tsakar gida yake: guntun itace mai kaushi, ko tsohon turmin da aka daina daka a ciki, a ajiye kusa da inda take kwana. Tsohuwar da ba ta iya miƙewa tsaye ta fi son wanda aka kwantar a ƙasa.

Idan farcen ya riga ya yi tsawo, sai yanka. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya naɗe ta da zani ya bar ƙafa guda a waje, ɗayan ya matsa dagin a hankali har farcen ya fito. A hasken rana za a ga wani wuri ja-ja a cikinsa daga gindi. Nan jini da jijiya suke, kuma wanda ya yanka nan ba zai sake kama wannan kyanwar cikin sauƙi ba. Farin bakin kawai ake cirewa, a bar tazarar kamar milimita 2. Abin yankan farce irin na mutane yana yi, muddin yana da kaifi. Reza ba ta dace ba, domin kyanwa na fizga. Idan an yi kuskure jini ya fito, a danna wurin da ɗan garin masara da tsumma mai tsabta. Likitocin dabbobi kan ba da shawarar a duba faratan tsohuwar kyanwa duk bayan 'yan makonni.

Amma kada a yi wa kyanwar da ke farauta aski gaba ɗaya. Da faratan nan take hawa bishiya idan kare ya biyo ta, da su take cin abinci. Wadda aka yanke wa duka ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, ɓeraye kuma su yi biki a rumbu. Wanda ya lanƙwashe kaɗai ake ragewa.

Farcen da ya riga ya shige nama aikin ma'aikacin kula da dabbobi ne, irin waɗanda ke yi wa awaki da shanu allura, a Mayahi ko Tasawa idan babu na kusa. Akwai kuma kuskuren da tausayi kan jawo: ba kyanwa farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Matasan da ke zaune a Turai ko Amurka wataƙila sun ji labarin tiyatar cire farce ɗungurungum. Sunan ne ke da daɗi. Abin da ake yi shi ne guntule ƙashin ƙarshe na kowane yatsa, kamar a datse wa mutum gaɓar da farcensa yake. Ƙasashen Turai da dama sun haramta ta, jihar New York ta bi sahu a 2019, Maryland a 2022. A ƙasar Hausa ma ba a rasa abin da zai hana ba: yaro ya taso yana jin yadda Abu Huraira ya samu laƙabinsa saboda 'yar kyanwa, da hadisin matar da aka yi wa azaba don ta tsare kyanwa har yunwa ta kashe ta.

Idan ta yakushi yaro

Kyanwar da farcenta ke waje tana yakushi ko ba ta yi niyya ba, kuma yara ne suka fi ɗaukarta. Akwai cutar da ake samu daga yakushin, wadda ƙuma ke yaɗa ƙwayarta a tsakanin kyanwoyi. Takan fara da ɗan ƙurji, bayan mako ɗaya zuwa uku kaluluwa ta fito a hammata ko wuya, wani lokaci da zazzaɓi. Yawanci tana warkewa da kanta, amma takan yi tsanani ga mai raunin garkuwar jiki.

Wadda ba a wasa da ita ita ce cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kare ne ke yaɗa kusan dukkanta, amma kyanwa ma na ɗauka, kuma kyanwa na lasar daginta. Shawarar hukumar ita ce a wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15 nan take, sannan a tafi asibiti, musamman idan baƙon muzuru ne, ko kyanwar gida ce da halinta ya sauya ba dalili. Allurar na aiki ne kafin alamu su bayyana. Bayan sun bayyana, da wuya a tsira.

A gidajen da samari suka tafi ci-rani Kano ko Agadas ko Libiya, sau da yawa tsofaffi da ƙananan yara ne suka rage, ga kyanwar da ta tsufa tare da su. Inna mai raunin gani ba za ta hango jan da ke cikin farce ba, jika ɗan shekara shida kuma ba zai iya riƙe mage mai jin zafi ba. Aikin yakan jira wani maƙwabci mai ƙarfin hannu, ko ranar da mai gida ya dawo noma a farkon damina.