Lalitar Falke Ta Koma Cikin Waya: Abin Da Ya Faru A Hartum Da Umdurman

'Yan uwa fatake, duk wanda ya taɓa bin hanyar gabas da dabbobi, ko ya zauna da waɗanda suka bi, ya ji sunan Muwailih. Ita ce babbar karar da ke yamma da Umdurman, inda shanun Nyala da na Kordofan suka saba sauka kafin wasu su wuce mahauta, wasu Masar. Mu Hausawa ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903 mutanenmu suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu, ga kuma alhazan ƙafa da suka yada zango ba su koma ba. Saboda haka abin da ya sami kasuwar Umdurman namu ne.

A da, falke yakan ɗaura lalitarsa a gindi, ba wanda ya san abin da ke ciki sai shi da Allahnsa. To, yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan Janar Burhan da rundunar RSF ta Hamidti ya sauya wannan. An fasa bankunan Hartum, takardar kuɗi ta yi wuya, ɗaukarta a hanya kuma ya zama kasada. Sai jama'a suka rungumi Bankak, wato manhajar Bankin Hartum da ake sa wa a waya. Ka sayar da bijimi, mai saye ya danna, kuɗi su faɗa asusunka. Ba ƙirga, ba buhu. Gaskiya ta taimaka ƙwarai, har 'yan uwa da ke Saudiyya ta nan suka riƙa ciyar da iyalansu.

Amma fa lalitar nan tana da baki. Tana faɗin nawa gare ka, wa ya biya ka, wa ka biya, da wace rana. An sha ba da rahoton cewa a shingayen hanya masu bindiga kan karɓi wayar mutum su ce ya buɗe. Su duba hotuna, su duba saƙonnin WhatsApp, su ga ko yana da alaƙa da ɗaya ɓangaren. An kuma ba da rahoton mutanen da aka tilasta wa tura kuɗi nan take, da waɗanda aka tsare har sai danginsu sun turo fansa ta Bankak. Ku duba bambancin. Ɗan fashin da, abin da ya tarar a jikinka shi zai ɗauka. Na yanzu kuwa yana ganin jarinka kaf, har da kuɗin amanar mutane da ka riƙe, yana kuma ganin sunayen abokan cinikinka.

Sai kuma ranar da lalitar ta ƙi buɗuwa. A farkon Fabrairu 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a kusan duk ƙasar, an kuwa ɗora alhakin a kan RSF, wadda ke riƙe da cibiyoyin kamfanonin a Hartum a lokacin. Mai miliyoyi a asusu ya rasa na sayen dusa. Abin da ya rage shi ne faifan Starlink, mai kama saƙo daga tauraron ɗan'adam, wanda aka riƙa shigowa da shi a ɓoye ta Chadi da Libiya da Sudan ta Kudu. Mutum ya biya kuɗin awa, ya tsuguna cikin taro yana buga lambar sirrinsa, mai faifan kuma sau da yawa na masu bindiga ne. Wannan ba shi ne karon farko ba. An yanke intanet a Yuni 2019 fiye da wata guda, har wani lauya, Abdel-Azim Hassan, ya kai ƙara ya ci, amma da fari layinsa kaɗai aka buɗe! An sake yankewa bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021.

A Disamba 2024 babban bankin ƙasar ya fito da sababbin takardun fam 500 da 1,000, ya ce a zuba tsofaffin a asusu, aka kuma ƙayyade abin da mutum zai cira a rana. RSF ta ƙi amincewa da sababbin. Ga shanu a yamma inda tsohon kuɗi ke yawo, ga masu saye a gabas da sabo. Mai son mayar da kuɗin waya zuwa na hannu kuwa sai an yanke masa kaso mai tsoka. Soja sun karɓe fadar shugaban ƙasa a Maris 2025, a watan Mayu suka ce jihar Hartum duka ta dawo hannunsu. A Yulin shekarar kuma hukumar sadarwa ta toshe kiran murya da na hoto ta WhatsApp, wai saboda tsaro.

Kada mu ce wannan can ne. Mun ga an rufe layukan waya da kasuwannin dabbobi a Zamfara a Satumba 2021, mun kuma sha wuyar canjin naira a farkon 2023, lokacin da makiyayi ya ƙi sakin saniya sai ya ga kuɗi a tafin hannu. Mu dai a ganinmu makiyayin nan ba ƙauyanci ya yi ba.

Shawararmu ga mai tafiya gabas: wayar hanya daban, wayar jari daban, ta hanyar kada a bar mata sai kuɗin guzuri. Baƙon da ya ari asusun maigidansa na kasuwa, wanda can suke kira damin, ya rubuta a takarda gaban shaidu biyu, don banki sunan mai asusu kaɗai ya sani. A bar lissafin bashi a littafi a gida. Hoton shaidar biya da ake nunawa a waya, wanda Sudaniyawa ke kira ish'ar, ana ƙirƙirar na jabu kamar yadda ake yi a nan. Kada a kwance igiya sai ka buɗe asusunka da hannunka ka ga kuɗin sun shiga.