Jariri mai girma fiye da kima: Abin da ya kamata ku sani

Idan aka haifi ƙaton jariri a unguwar Gwange ko Bulumkutu a Maiduguri, 'yan barka sai "tubarkalla, masha Allah". Su kuwa ma'aikatan jinya, da zarar sikeli ya kai kilo 4 sai su ƙara sa ido, domin yawancin jariran da suka cika wata tara suna tsakanin kilo 2.5 zuwa 4 ne. Haka ma bakwainin da ya fi tsaransa nauyi sosai.

Me ke jawo shi?

Ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne ciwon suga, musamman wanda ke tasowa da juna biyu ba tare da mace ta sani ba. Sugan jinin uwa yana ratsa mabiyiya ya shiga jikin ɗan, shi kuma ya mayar da shi kitse, ya taru a kafaɗu da ƙirji. Ƙibar uwa, cikin da ya wuce lokacinsa, yawan haihuwa da gado su ma suna taimakawa.

Ina haɗarin yake?

Kai yakan fito, kafaɗa ta maƙale. Garin jawo jaririn, ƙashin wuya na iya karyewa ko hannu ya shanye. Uwa kuma tana fuskantar doguwar naƙuda, yagewa, zubar jini, har da yoyon fitsari. Bayan an yanke cibiya, sugan jaririn kan faɗi kwatsam: sai a ga yana karkarwa, ya yi laushi, ya ƙi kama nono.

Me za a yi?

A fara awo da wuri. Ana gwajin suga tsakanin mako na 24 da na 28. Hoton ciki yana ƙiyasta nauyi, ko da yake yakan yi kuskure. A rage lemon kwalba, shayi mai zaƙi da tulin farar shinkafa. A ƙara wake, ganye da kifi, a riƙa ɗan tattaki da sanyin yamma.

Wadda ta taɓa haifar ƙato, ko take da suga, kada ta zauna naƙuda a gida. Ta nufi inda ake tiyata, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko Asibitin Ƙwararru na Jiha. Ga mai suga, likita kan ba da shawarar tiyata idan nauyin ya kai kilo 4.5, don haka maigida ya shirya sa hannu tun kafin ranar.

Da jariri ya faɗo, a sa masa nono cikin awa ɗaya, kada a zubar da dakashi, kuma a nemi a auna sugansa kafin a koma gida.