Sharhin Fim a Teburin Mai Shayi

Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, hirar fim ta sake salo a Ikara da Makarfi da Hunkuyi, hedikwatar Kudan. Da can sai a kalli kaset guda a gama magana. Yanzu shiri mai dogon zango irin Daɗin Kowa ko Labarina na Aminu Saira yana barin mako guda tsakanin kashi da kashi, kuma a wannan makon ake zaman shari'arsa. A shagon masu tura fina-finai a waya, matashi yakan tambayi na gefensa ko sabon kashin ya yi daɗi kafin ya miƙa memorinsa. Wannan ce sukar da ke taɓa aljihun furodusa kai tsaye.

Wasu na cewa wannan ba sharhi ba ne, wa'azi ne kawai: ana duba shigar jaruma, a manta da haske da sauti da tsarin labari. Akwai ƙamshin gaskiya, domin mujallar Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, ta fi majalisar teburin mai shayi iya rarrabe aikin darakta da na marubuci. Amma manomin rake a Makarfi da ya ce yadda aka riƙe fartanya a fim ba haka ake riƙe ta ba, ko matar da ta ce ba a gaida suruki a tsaye, ai ingancin aiki suke aunawa. Sun kama daraktan da bai yi bincike ba kafin ya kunna kyamara.